Keken da na turo gida da hannu

Ranar da na sayi keken nan ban hau shi ba, turo shi na yi da hannu tun daga bakin kasuwa har ƙofar gida, domin tayar baya ba ta riƙe iska, birkin gaba kuma ko an matse shi har ƙarshe ba ya kama komai. Maiɗakina ta leƙo zaure ta dube shi, ta dube ni, sannan ta tambaya ko 'yan gwangwan ne suka ba ni ajiya. Ban ga laifinta ba, saboda tsatsa ta ci kan keken har ba a ganin farin ƙarfensa, sirdin ya yage an ɗaure shi da tsumma, sarƙar kuwa ta bushe ta yi ja kamar an tono ta daga ƙasa.

Ba sha'awa ce ta kai ni ga sayensa ba. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin watan Yuli ya ƙare kuma ta wuce 600. Kuɗin adaidaita sahu ya bi ta, acaɓa kuwa an hana shi ɗaukar fasinja a cikin Kano tun 2013. Ni malamin makaranta ne, ina zaune a Rijiyar Lemo ina koyarwa a wajen Fagge, kuma da na zauna na lissafa abin da zuwa da dawowa ke ci a wata sai na ga ya fara shiga kuɗin cefane. Sabon keke ya fi ƙarfina, na hannu mai lafiya ma farashinsa ya tashi saboda jama'a sun waiwayo kansa, don haka a hutun watan Agusta na sayi wannan a kan naira 20,000, na kuma yanke wa kaina cewa gyaransa ba zai wuce 12,000 ba. A lokacin ban taɓa kwance ko noti ɗaya a jikin keke ba, iyakar sanina hawa da buga iska.

Dillalin ya rantse mini cewa Rali ne na asali, irin na iyayenmu. Ya san inda zai taɓa ni, domin duk wanda ya tashi a Kano ya san darajar Raleigh, keken da asalinsa daga birnin Nottingham na Ingila yake, wanda har masana'antarsa aka kafa a Bompai, kuma a zamanin mahaifina wanda ya mallake shi ya shiga sahun masu rufin asiri. Washegari na tura shi wurin wani dattijo mai gyaran keke da ke zama a gindin darbejiya a bakin layinmu, wanda duk unguwa muke ce wa Baba. Bai dubi taya ba, bai dubi tsatsa ba. Ya tsuguna a gaban keken ya runtse ido ɗaya yana auna ko wilin gaba da na baya suna kan layi guda, ya shafa ƙarƙashin sandunan da suka haɗu a wuya yana neman ƙullutu ko lanƙwasa, alamar an taɓa yin karo da shi, sannan ya bi kowace mahaɗa yana neman tsagewa ko tabon walda.

"Malam, wannan ba Rali ba ne," in ji shi. "Rali yana da kan zalɓe a tambarinsa, har a jikin farantin sarƙa za ka gan shi. Wannan ɗan kwaikwayo ne, ko na Sin ko na Indiya. Amma ka gode wa Allah, domin tsohon Rali zaren notinansa nasa ne shi kaɗai, kayan da ke kasuwa yanzu ba duka ke shiga ba. Naka kuwa duk abin da ka nema za ka samu." Na tambaye shi ko an cuce ni, sai ya ce ƙashin keken lafiya lau yake, kuma shi ne kaɗai abin da ba a saye a saka. Sauran duk yunwar mai ce da datti.

Na gaya masa cewa ina so in yi aikin da hannuna, saboda kuɗin da nake da shi ba zai ishi kaya da ladan aiki a tare ba, kuma ba na so duk ranar da sarƙa ta zame a hanya in tsaya ina neman mai taimako. Ya yarda cewa in riƙa yi a gida, abin da ya gagare ni in kawo masa, har ya ara mini siririyar sifana ta ɗaure kon, wato notin nan mai tsini da ke danne ƙwallayen ƙarfe a cibiyar wili, sifanar da irinta ba ta cikin akwatin kayan aikin kowane gida. Da na ce zan fara da sayen fenti, sai ya yi dariya ya ce fenti ba ya kai mutum makaranta.

Makon farko ban sayi komai ba sai rabin litar kananzir, gwangwanin giris da samfefa guda biyu. Kananzir a lokacin ya fi fetur tsada, saboda haka na koyi barinsa ya kwana a kwalba bayan na yi wanki da shi, dattin ya kwanta a ƙasa, da safe in tsiyaye na sama in sake amfani da shi. Na cire sarƙar na jiƙa ta kwana ɗaya, na goge ta da tsohon buroshin haƙori, gaɓoɓin da suka ƙage na riƙa lanƙwasa su da hannu har suka saki. Kafin in yanke shawarar sayen sabuwa sai na auna ta da rula kamar yadda Baba ya nuna mini: cikakkun gaɓoɓi 12 na sarƙar da ba ta gaji ba inci 12 ne daidai, idan suka zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci to ta gama aiki. Tawa ba ta kai nan ba, don haka ita ce a kan keken har yau. Firiwil ɗin baya kuwa, wato ƙaramin farantin haƙoran da sarƙa ke ja a jikin wili, yana juyawa gaba da baya ba ya kamawa, na ɗauka ya mutu, ashe tsohon mai ne ya daskare ya riƙe 'yan haƙoran da ke cikinsa. Na kwantar da wilin na riƙa ɗiga kananzir ta tsagar ina juyawa, har na ji ƙarar ƙyas-ƙyas ta dawo, sannan na bi da man inji. Abubuwa biyu ke nan da na riga na sa a lissafin saye suka fita daga lissafi ba tare da na kashe ko kwabo ba.

Inda na fi daɗewa, kuma inda na fi ƙaruwa, shi ne wajen boris. Keke yana juyawa ne a kan ƙananan ƙwallayen ƙarfe a manyan wurare huɗu, wato cibiyar wilin gaba, cibiyar na baya, wuya, da kuma tsakiya inda sandar feda ta ratsa. Da na kwance cibiyar gaba a tsakar gida ban shimfiɗa komai ba, ƙwallayen suka zubo suka watse cikin yashi, ni da yara muka yi ta tsince, uku daga ciki ba mu gan su ba har yau. Tun daga nan nake aiki a kan tsohon faranti da tsumma a ciki. Girman ƙwallayen ba ɗaya ba ne, kuma wannan ne abin da ya kamata mai koyo ya rubuta a takarda kafin ya tafi kasuwa. A nawa keken, na baya da na tsakiya kwatan inci ne, guda 9 a kowane gefe a baya, guda 11 a kowane gefe a tsakiya, na gaba kuwa sun fi ƙanƙanta, guda 10 a kowane gefe. Na ƙulle samfurin kowanne a leda daban na tafi da su Sabon Gari, domin nuna wa mai kanti abu ya fi kwatanta masa. Baba ya hana ni haɗa tsofaffi da sababbi a wuri guda, saboda tsofaffin sun ɗan ragu, nauyin duka sai ya koma kan sababbin. Ya kuma ce idan na jera su na ga ɗan gurbi ya rage kada in cusa ƙari, gurbin na nan ne da gangan. Kon ɗaya na baya ya yi ramuka kamar fuskar mai zanzana, shi na canza, sauran na goge na mayar.

Ɗaure kon shi ne aikin da hannu ke koya, ba kunne ba. Idan ka matse da yawa wilin zai yi nauyi yana gurzar ƙwallayen, idan ka sassauta zai riƙa kaɗawa gefe da gefe. Abin da ya wahalar da ni shi ne duk lokacin da na samu daidai, da na ɗaure notin da ke kulle shi sai ya ƙara matsewa, in sake kwancewa. Sai da na yi sau bakwai ko takwas a wilin gaba kafin na gane cewa dole a riƙe kon ɗin da siririyar sifana yayin da ake ɗaure notin da ɗayar. Da na gama na ɗaga keken na juya wilin, na tsaya ina kallonsa yana ta juyawa shiru har nauyin bawul ya sa ya riƙa lilo kafin ya tsaya, kuma a wannan lokacin ne na fara yarda cewa ban yi asarar kuɗina ba.

Ɓarnar da na yi mafi girma a kan kota ce, ƙaramar ƙusar nan mai gefe ɗaya a shafe da ke riƙe hannun feda a jikin sandar tsakiya. Hannun hagu yana girgiɗi, kowane taku sai ya yi ƙwas, kuma dole a cire kotar kafin a kai ga boris ɗin tsakiya. Na cire notinta gaba ɗaya, na ɗauki guduma na riƙa bugunta a hankali don tsoron kada in lalata wani abu, ashe tsoron ne zai lalata ta. Bayan bugu kusan talatin kan ya baje ya lanƙwashe, ba ta fita ba kuma noti ba ya komawa. Haka na tura keken wurin Baba ina jin kunya. Ya ce, "Malam, kota ba ta son lallashi." Ya nuna mini a ɗaya gefen yadda ake yi: a sassauta notin har ya yi daidai da kan zaren don ya kāre shi, a sa guntun bututun ƙarfe daga ƙasa ya tokare hannun fedar yadda bugun ba zai sauka kan boris ba, sannan a yi bugu ɗaya ko biyu masu ƙarfi. Ta gefen dama ta fito a bugu na biyu, tawa kuwa sai da ya sare kan da ya baje ya kore ta da ƙarfen huji. Wajen sa sababbin ma akwai ƙa'ida, domin guduma ce ke zaunar da kota, noti riƙe ta kawai yake yi, wanda ya ce zai jawo ta da noti zai tsinke zaren. Kuma dole kotar dama da ta hagu su fuskanci saɓanin juna, in ba haka ba hannayen feda biyu ba za su miƙe a layi ɗaya ba. Ya umarce ni in sake bugawa in ƙara ɗaurewa bayan hawan kwana biyu ko uku, na kuwa tarar sun ɗan saki kamar yadda ya faɗa.

A ranar ne kuma na san cewa fedar hagu zarenta a juye yake, ana kwance ta ne ta inda ake ɗaure sauran notina. Na shafe kusan rabin sa'a da safe ina ƙara matse ta da dukan ƙarfina ina zargin tsatsa.

Mafi yawan kuɗina a taya ya tafi, kuma ban yi da na sani ba. Tayar baya ta tsattsage a gefe har zare ya fito, ita na canza, ta gaba kuwa da sauran rai na bar ta. Saura kaɗan in sayi wadda ba za ta shiga ba, domin na ce wa yaron kanti ina son lamba 28 ya miƙo mini, sai maigidansa ya tambaye ni wane irin keke ne. Tayar irin wannan tsohon keke 28 x 1½ ce, bakinta milimita 635, akwai kuma wata 28 ɗin ta kekunan zamani mai milimita 622, wadda ko ka yi yaya ba za ta hau wilin ba. Abin da ke rubuce a jikin tsohuwar taya shi ya kamata mutum ya kwafa harafi da harafi. Tiyub ɗin da na ɗauka ya mutu kuwa huji biyu ne kawai a jikinsa, babbar matsalar tana bawul, inda 'yar siririyar robar da ke toshe iska ta ruɓe. Yawu Baba ya shafa a bakin bawul ɗin muka ga yana kumfa, aka canza robar da kuɗin da bai kai na ƙosan safe ba. Facin farko da na yi ya ɓalle kafin la'asar, saboda ina shafa sholisho na manna roba nan take. Ana kankare wurin da samfefa ne, a shafa sholisho kaɗan, a jira ya bushe har ya daina ƙyalli, sannan a manna a danne. Kafin in mayar da tiyub na zagaya cikin tayar gaba da yatsa, na ciro ƙayar tsidau guda biyu da suka nutse a roba, waɗanda da na bar su da sun huda tiyub ɗin gaba a ranar. Na kuma yanka tsohon tiyub da Baba ya ba ni na naɗe cikin wilin da shi, don kawunan sifok kada su ci sabon faci.

Birkin irin wannan keke na sanda ne, ba na waya ba, yana jawo robobi biyu su kama cikin wilin. Robobin da na tarar sun ƙone sun yi tauri kamar dutse, na sayi sababbi guda huɗu. Gidan da robar ke zama a cikinsa toshe yake ta gefe ɗaya, buɗe ta ɗaya gefen, kuma dole gefen da ke toshe ya kasance ta inda wilin ke tura robar, in ba haka ba ranar da ka fi bukatar birki ita ce ranar da robar za ta fice. Na ɗiga mai a kowace mahaɗar sandunan, na kiyaye kada ko ɗigo ya taɓa wili, na rage tsawon sandar har robar ta matso kusa. Duk da haka dole in faɗi gaskiya, birkin sanda a kan wilin ƙarfe ba abin dogaro ba ne idan ruwa ya jiƙa shi. Na gwada a layinmu bayan wani ruwan ƙarshen Agusta, na matse duka biyu keken ya ci gaba da tafiya kamar ban taɓa shi ba, sai da wilin ya zagaya sau da yawa robar ta share ruwan sannan ya kama. Tun daga ranar, idan ana yayyafi a titin Katsina, tun daga nesa nake fara rage gudu, kuma ba na bin bayan adaidaita sahu kurkusa, domin direbansa yana iya tsayawa a ko'ina da zarar ya hangi fasinja.

Aiki ɗaya ne na ƙi taɓawa bayan na gwada, wato miƙe wili. Na baya yana da sifok uku da suka karye, yana kuma rawa yana taɓa birki a kowane zagaye. Na sa sababbin sifok ɗin, na fara ɗaure wannan ina sassauta wancan, cikin minti ashirin rawar ta tashi daga wuri ɗaya ta koma wurare uku. Na tsaya tun kafin in mai da wilin ƙwai, na kai wa Baba. Ya kifa keken, ya riƙe guntun alli kusa da wilin yana juyawa, inda allin ya taɓa nan ne ya karkata, sai ya riƙa juya kan sifok kwata-kwata na zagaye, yana matsa su biyu-biyu da hannu yana sauraron amonsu. A ganina wannan ne wurin da mai ƙaramin ƙarfi ya kamata ya biya gwani ba tare da ciniki mai yawa ba, domin ladan aikin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin sabon wili ba, kuma birkin sanda ba ya aiki sosai sai wilin ya zama da'ira ta gaskiya. Shi kansa ya ce wilin ya taɓa faɗawa rami, akwai ɗan tudu da ba zai fita duka ba, amma zai kai ni.

Da na tattara takardun da nake rubuta kashe-kashe a kai, taya ɗaya, boris, kon, kota biyu, robobin birki, sifok, giris, kananzir, kayan faci da ladan Baba sun tashi naira 11,300. Ragowar na ƙara na sayi ƙararrawa, wadda a cikin cunkoson Kano ba ado ba ce. Tsatsar kan keken na goge ta da samfefa mai laushi da ɗan mai, ba ta koma fari ba amma ta daina ɓata hannu. Sirdin na cire tsumman na sa soso na rufe da fatar da wani baduku ya ɗinka mini, na kuma ɗaga shi har ƙafata ta miƙe idan na ɗora dunduniya a feda tana ƙasa, abin da ya raba ni da ciwon gwiwar da na ji a hawan farko.

Na fara zuwa makaranta a kansa ranar da aka dawo daga hutu a watan Satumba, ɗalibaina suka yi ta leƙe ta taga suna dariya, kafin zangon ya ƙare kuma malamai biyu sun tambaye ni inda ake samun irinsa. Da hunturu ya shigo na koyi wani abin da damina ba ta nuna mini ba, wato man da na riƙa malala wa sarƙa don ƙauna shi ne ke kama ƙura ya zama kamar samfefa yana cin ta. Yanzu kowace Asabar nake ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, in juya feda baya sau da yawa, sannan in goge na waje da tsumma har sarƙar ta yi kamar ba a sa mata komai ba. Na mayar wa Baba sifanarsa bayan na sayi tawa. Wuyan keken ne kaɗai ban buɗe ba tukuna, ya fara ɗan ƙwas idan na kama birkin gaba na tura, kuma Baba ya riga ya gargaɗe ni cewa ƙwallayen da ke ciki sun fi duk na sauran wuraren ƙanƙanta da yawa, don haka na ajiye aikin sai hutu mai zuwa, a cikin ɗaki, a kan faranti. Fentin har yanzu ban saya ba.